Tsanin da Eino Ya Bari

Duk ranar Asabar, kafin Tonya Bresnik ta gama wanke fuska, a-kori-kurar Eino Maki ta riga ta tsaya a bakin gareji. Ba ya ƙwanƙwasawa, yana da makulli. Zai shigo ta ƙofar baya, ya goge takalmi sai ka ce zai huda abin shimfiɗar, ya ajiye ledar pulla mai ɗumi, wani burodi mai zaƙi na gargajiyarsu, a kan tebur, sannan ya sauka ƙasan gida wajen injin ɗumama ɗakuna, ya tsaya yana sauraronsa da kai a karkace.

"Eino, wai kai ba ka gajiya ne?" Tonya takan ce daga saman matakala.

"Sunana na kan gidan nan, yarinya. In ya rushe, wuyana banki zai kama."

Amsar ke nan kullum, ba ta canza ko sau ɗaya ba. Gaskiya ce kuma. Lokacin da Tonya da saurayinta Curt, ɗan Eino, suka ga gidan suka maƙale masa, banki ya dubi albashinsu ya girgiza kai. Eino ne ya sa rigar zuwa coci ya je ya tsaya musu, ya rattaba hannu kusa da nasu. Tun daga makon ya fara zuwa. Yau tagogi, gobe famfo, jibi ganyen da ya toshe indararo. Idan babu abin gyara sai ya nemo. Kayan aikinsa kuwa sun yi ta ƙaura kaɗan-kaɗan daga garejinsa zuwa nata, har ya zama idan yana neman guduma a gidansa sai ya taso ya zo nan.

Mu mutanen garin Cloquet haka muke. Ba wanda zai tako gidanka ya ce ya zo ne don yana kewarka. Ya gwammace motarsa ta mutu a tsakiyar ƙanƙara da ya faɗi haka. Sai ya zo dawo da kwanon da ka ba shi abinci a ciki, ko aron igiya, ko ya ce yana wucewa ne ya ga ƙofar garejinka ba ta rufu daidai ba. Daga nan a zauna shan gahawa har rana ta yi tsaka.

Curt ya tafi a farkon bazara, lokacin da ƙanƙara ke narkewa tituna suka zama caɓi. Ba su yi faɗa ba. Ya ce ya gaji, ta ce to. Ya kwashe kayansa zuwa garin Superior, inda daga baya aka ji akwai wata mai suna Kendra. Ba su taɓa yin aure ba, saboda haka babu kotu, babu lauya, babu abin rabawa sai kujeru da talabijin. Tonya ta ci gaba da zuwa asibiti tana ɗibar jinin mutane a ƙananan kwalabe, ta dawo ta ci abin da ta samu a tsaye gaban firji. Ta yi ta jiran kukan da kowa ya ce mata zai zo. Bai zo ba. Ji take kamar an yi mata allurar kashe zafi a jiki gaba ɗaya.

Asabar ɗin da ta biyo bayan tafiyar Curt, ba ta ɗora gahawa ba, don ba ta sa ran kowa. Sai ta ji ƙarar makulli. Eino ya goge takalmi, ya ajiye pulla, ya sauka ƙasa. Da ya hau, ya dubi gurbin da talabijin take a da, ya ce bangon yana son fenti. Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan game da ɗansa.

Tonya ba ta da kowa a kusa. Mahaifiyarta ta rasu, ƙaninta yana can Arizona ba ya ɗaga waya. Eino kuma ba surukinta ba ne, ba kawunta ba, ba komai ba. Babu sunan da za a kira abin da ke tsakaninsu. Abin da ya haɗa su a rubuce, wanda za a iya nunawa, sa hannun nan ne a takardar banki.

Sai da ganyen bishiyoyi suka fara ja sannan Curt ya kira.

"Tonya, ba don in takura miki ba. Ni da Kendra mun ga wani wuri, amma banki ya ce muddin sunana na kan wancan bashin ba za su dube ni ba."

"To."

"Kuma na Baba ma ya kamata a cire. Ya tsufa, bai kamata yana kwana da bashin wani a kansa ba. Ko ki mayar da shi sunanki, ko mu sayar. Duk wanda kika ga ya fi."

"Ba zan sayar ba."

"To shi ke nan. Kina lafiya dai?"

"Lafiya lau," ta ce, ta ajiye wayar ta ƙarasa wanke cokalin da ke hannunta.

A banki wata yarinya mai dogayen farata, Shelby, ta yi mata bayani a hankali kamar mai magana da mara lafiya. Ba a goge suna daga bashin gida, ta ce. Sai dai a biya tsohon bashin da sabo, sabon kuma da sunan Tonya ita kaɗai, in albashinta ya isa. Tonya ta kawo duk takardar da aka nema. Aka turo wani mutum ya zagaye gidan yana auna ɗakuna yana ɗaukar hoto, ya leƙa ƙasan gida ya ce bai taɓa ganin tsohon inji mai tsabta irin wannan ba. Ana haka Shelby ta kira da murna a muryarta ta ce an amince. Tonya ta yi godiya yadda ya kamata.

Gidan ba zai kuɓuce mata ba, wannan ta sani. Abin da ke damunta, wanda ba a tambayar Shelby, shi ne: idan sunan Eino ya bar gidan, me zai kawo shi ranar Asabar? Tsoro take ji, kuma shi ne kaɗai abin da ta ji sosai tun bazara.

Ta gaya masa suna zaune a kicin, yana tsoma pulla cikin gahawa.

"Juma'a mai zuwa za a sa hannu. Kai da Curt sai kun zo."

"Ya gaya mini."

"Ka huta ke nan. Banki ya saki wuyanka."

"Dama wuyan ya tsufa," ya ce, ya taɓa shi yana murmushi. Ya dubi taga ya daɗe. "Wancan reshen zai faɗo kan rufi in iska ta yi ƙarfi."

Ta jira ya ƙara wani abu. Shi ma kamar yana jiran ta. Sai ya buga gwiwoyinsa da tafin hannu ya ce, "To, bari in kama hanya," wanda a wurinmu ke nufin saura rabin awa: tsayuwa a bakin kicin, tsayuwa a baranda, sannan doguwar hira ta tagar mota injin yana aiki.

Gwen ce ta kawo maganar kaya. Tare suke aiki, kuma Gwen irin matan nan ne da suka san yadda ya kamata a yi komai, daga jana'iza har rabuwa.

"Ke, kayan tsohon nan fa da suka cika miki gareji?"

"Suna nan."

"Suna nan kamar yaya? Ki haɗa masa abinsa mana. Kin san irinsu, sai ya mutu bai buɗe baki ya ce a ba shi gudumarsa ba. Yanzu ga Curt zai sayi gida, wa kike ji zai yi masa gyara? Kar ki bar bawan Allah yana jin nauyin tambaya."

Tonya ba ta taɓa kawo wannan a ranta ba. Da ta kawo shi kuwa, sai ta ji kunya ta rufe ta. Wato mutum ya tsaya mata shekara da shekaru, ita kuma tana zaune a kan kayansa kamar ta yi garkuwa da su. Ɗansa ne Curt, can ya kamata kayan su tafi. Ta yanke cewa ko ba komai ba za ta zame masa nauyi ba.

Duk yammacin makon nan a gareji ta yi shi. Ta fito da zarto, da injin huda katako, da akwatin sukurori, da injin kwashe ƙanƙara, da gwangwanayen ƙusoshi da ya rubuta wa suna da hannunsa. Ta goge kowanne da tsumma da mai. Ta naɗe wayoyin lantarki yadda ya koya mata, a gwiwar hannu. Ta jera su a bakin ƙofa, manya a baya, ƙanana a gaba. Aikin ya yi kyau ƙwarai, kuma ba ta ji komai ba tana yin sa.

Ranar Juma'a suka haɗu a wani ofis mai ƙamshin sabon kafet. Curt ya ƙara ƙiba, ya bar gemu. Ya rungume ta da hannu ɗaya ta gefe. Eino ya zo da rigar cocin nan dai, wadda yanzu ta yi masa yawa a kafaɗa. Matar da ke buga hatimi ta tura wa Tonya tarin takardu, ta yi ta sa hannu har sunanta ya daina yi mata kama da suna. Su kuwa mazan, takarda guda aka miƙa musu, wadda ke cewa sun saki haƙƙinsu a kan gidan. Curt ya yi nasa a tsaye. Eino ya ciro tabarau, ya karanta tun daga sama har ƙasa yana bi da yatsa, sannan ya rubuta sunansa harafi bayan harafi.

"Shi ke nan?" ya tambaya.

"Shi ke nan, Malam Maki. Ka fita."

"Shigar ta fi wannan daɗewa," ya ce. Matar ta yi dariya don ladabi.

A wajen ajiye motoci Curt ya ce yana sauri. Eino ya tsaya yana lalubar makulli a aljihu, bai dubi Tonya ba.

"Gobe zan leƙo. Lokacin canza matatar iskar injin ɗumama ɗakuna ya yi."

"To, sai ka zo," ta ce. A ranta ta ce, ya samo hanyar zuwa ɗaukar kayansa ba tare da ya tambaya ba, Gwen ta yi gaskiya.

Da safe ta buɗe ƙofar gareji tun kafin ya iso, don kada ya sha wahala. Tana tsaye a taga a-kori-kurar ta shigo. Ya fito da ledar pulla a hannu. Ya yi taku biyu, ya ga kayan, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya juya ya mayar da ledar kan kujerar mota ya rufe ƙofa.

Ta fito tana ɗaure igiyar rigar sanyi.

"Na ce bari in sauƙaƙa maka. Na san Curt zai buƙace su."

"Eh," ya ce. Ya sunkuya ya ɗauki zarton ya juya shi. "Har mai kin shafa musu."

"Ba wani aiki ba ne."

"An gode. Kin kyauta."

Suka yi ta lodi. A bayan motar akwai gwangwanayen fenti sababbi da buroshi ba a ɓare ledarsa ba. Eino ya ja tamfol ya rufe su, ya ɗora akwatin sukurori a kai. Tonya ta gani, ta ɗauka na gidan Curt ne. Ta kama masa injin kwashe ƙanƙara suka tura shi sama a kan katako, yana haki, yana cewa ta yi hankali da yatsunta.

Da suka gama ya ce, "Zo in nuna miki matatar nan."

Ta bi shi ƙasan gida. Sau nawa ta ce ya koya mata, yana cewa ta bari, ba aikinta ba ne, sunansa ne a kan gidan. Yau ga shi ya durƙusa a gaban injin yana nuna mata komai. A kashe nan tukuna. A zare tsohuwar. Akwai kibiya a gefen sabuwar, kibiyar ta dubi inji, kada ta dubi bango. Ya sa ta yi da hannunta, ya sa ta sake. Ya nuna mata inda ake rufe ruwan waje kafin sanyi ya fasa bututu, ya faɗi sunan wani mai gyara da ba ya cuta.

"Ga gahawa na ɗora," ta ce da suka hau.

"A'a, na sha a gida."

Ya ciro makullin daga cikin sauran, farcensa mai kauri yana ta zamewa a zoben, ya ajiye shi a kan tebur inda yake ajiye pulla. Bai buga gwiwa ba, bai tsaya a baranda ba. Ya shiga mota ya ɗaga yatsu biyu daga kan sitiyari ya tafi, tagar a rufe.

Asabar ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Tonya takan farka da wuri ta kwanta tana kallon silin. Ganye ya cika indararo har ya fara leƙowa. Wata rana da ta zagaya bayan gareji zubar da shara, sai ta ga tsaninsa, dogon nan na ƙarfe, a rataye a jikin bango inda ya kafa masa ƙugiyoyi. Ta manta da shi sam. Ta tsaya tana kallonsa da ledar shara a hannu. Ta san ya kamata ta kira ta faɗa. Ba ta kira ba.

Asabar ta gaba ta ji ƙarar a-kori-kurar, ta san ta tun daga kwana. Kafin ta ankara ta ɗora gahawa ta fito da kofi biyu. Da ta leƙa, Curt ne ke fitowa daga motar.

"Baba ya ce ya bar tsani. Ya ce in ɗauka kawai kar in dame ki."

"Shi yana ina?"

"Yana gida. Ina zai je?" Curt ya sosa gemu. "Kayan nan ma da kika haɗa masa, suna cikin garejinsa yadda ya sauke su. Na ce ya ara mini injin huda, ya ce in je in saya."

"Na ɗauka gidanka zai kai su."

"Gidana? Ko zuwa gani bai yi ba. Fentin barandarki ma da ya saya ya mayar kanti." Ya dube ta. "Kin san ya yi mako yana zaɓen kala? Ya ce tunda gidan ya zama naki, bari a yi masa sabuwar fuska kafin sanyi. Sai ya zo ya tarar kin sallame shi."

"Ban sallame shi ba."

"Ni dai abin da ya ce, kin yi abin da ya dace, kuma kin yi shi da mutunci. Kin san Baba."

Tonya ta ji kamar allurar nan ta fara sakin ta, kuma da zafi. Tsohon ya zo da sabon dalili a bayan mota, ya saya da kuɗinsa, ita kuma ta tare shi da kayansa a goge a jere. Baƙin ciki ne ya kama ta, irin wanda ba ta yi ba ranar da Curt ya tafi.

Curt ya zagaya baya ya fara sauke tsanin daga ƙugiya. Ta bi shi ta kama ɗaya ƙarshen. Ya ɗauka taya shi za ta yi, ya ja, ta ƙi saki.

"Ina amfani da shi."

"Ke? Ke da ko kujera ba kya iya hawa ki canza ƙwan fitila?"

"Ka ce masa ina amfani da shi."

"Har zuwa yaushe?"

"Ban sani ba. In yana son sani ya zo ya tambaya."

Curt ya saki tsanin, ya ɗaga hannuwa. "Ku kuka sani, ke da shi. Dama tun can kun fi jituwa." Ya koma mota ya tafi.

Tsanin ya fi ƙarfinta. Jan sa ta yi a ƙasa yana ƙara, har gaban gida, ta bar layi biyu a cikin ciyawa. Da ƙyar ta ɗaga shi ta jingina a jikin indararo, ta gefen titi. Ta san yadda ake kafa shi, ta sha ganin Eino yana auna tazarar da ƙafarsa yana jijjiga shi kafin ya hau. Sai ta matso da gindinsa dab da bango, ƙafa ɗaya a kan dutse ɗaya a cikin laka, ya tsaya a karkace kamar zai kifar da duk wanda ya taka shi. Ta ja baya zuwa bakin titi ta duba. Ko makaho ya san wannan tsanin zai kashe mutum.

Hanyar cocin Eino ta nan take bi, kuma gobe Lahadi.

Ta koma ciki. Makullinsa na nan a kan tebur inda ya bar shi, ba ta taɓa shi ba tun ranar. Ta zubar da gahawar da ta huce, ta wanke kofunan biyu, ta kife su a bakin taga maimakon ta mayar da su kabad.